Sanarwa ga Waɗanda Suka Canza Wurin Zama

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya tashi daga unguwarsu ko garinsu, ko aure ya kai ta wani wuri, don Allah a je a mayar da rajistar zaɓe zuwa sabon mazauni. Ba a jefa ƙuri'a sai a rumfar da sunan mutum yake. A zaɓen 2023 na ga wata baiwar Allah da goyo a bayanta, ta sha rana a layi tun hantsi, da aka zo kanta aka duba babu sunanta, ashe yana can tsohuwar mazaɓarta. Haka ta juya gida. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

A ɗauki katin zaɓe a je ofishin hukumar zaɓe ta INEC na ƙaramar hukumar da ake zaune yanzu, a ce sauyin rumfa ake so. Kyauta ne. Idan an amince, can za a karɓi sabon kati.

Amma fa kada a sake sabuwar rajista! Laifi ne, kuma na'ura tana ganewa. A 2022 INEC ta soke rajista sama da miliyan 2.7 da ba su inganta ba.

Ana rufe karɓar sauyi tun kafin zaɓe ya matso, saboda haka a hanzarta. A sanar da iyayenmu mata da wannan saƙo bai kai gare su ba.

Na gode.