A yi hattara da batirin tocila na jabu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Gyaran tocila da rediyo nake yi a Jos. Ina so in ja kunnen jama'a, musamman masu gadi da 'yan sintiri, kan batirin lithium mai lamba 18650 da ake sa wa tocilar caji.

Jabu ya cika kasuwa. Sai ka ga an rubuta 9900mAh a jikinsa, wato yawan cajin da yake iya riƙewa, alhali na ƙwarai da wuya ya wuce 3500. Ɗaga shi ka ji: na gaske yana kai giram 45, jabun kuwa sakayau kamar kara. A sanyin hunturun garin nan, tun kafin asuba ya mutu.

Caji ne ya fi tayar mini da hankali. Iyakar batirin nan volt 4.2 ne. Idan caja marar kyau ta zarce haka, sai ya ɗau zafi, har ya kama da wuta. Amma mutum ya jona, ya ajiye kan katifa, ya yi barcinsa, wai kada a ɗauke wuta bai cika ba! Wani kuma ya jefa shi aljihu tare da makullai, ga ledar jikinsa a yage, alhali idan ƙarfe ya haɗa wutarsa, nan ma sai ya ɗau zafi.

Ina roƙon hukumar SON, mai kula da ingancin kayayyaki, ta riƙa leƙa shagunan kayan lantarki, ta duba abin da ake sayar mana.

Naku,
Wani mai gyaran tocila, Jos