A riƙa tambayar AI isnadin maganarsa kafin a ɗauka

Malam Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda yaranmu ɗalibai har ma da manya suka koma sa ƙirƙirarriyar basira, wadda kowa ke kira AI, ta yi musu bincike a intanet su kuma su kwashe duk abin da ta ba su ba tare da sun ɗaga ido sun duba ba.

Ni ina da ɗan shagon kwamfuta ne a Samaru da ke Zariya, muna taifin da firintin da fotokofi da bayindin, kaga kenan furojet ɗin ɗalibai da yawa ta hannuna yake bi kafin ya isa teburin sufabaiza. Kwanakin baya wata yarinya 'yar ajin ƙarshe ta shigo hankalinta a tashe, ta ce Baba dan Allah taimake ni, malaminmu ya ce in kawo masa takardu uku daga cikin manazartar da na jera a babi na biyu yana so ya gani da idonsa. Muka zauna tun bayan azahar har aka kira magariba muna nema, janareta na shan mai data na ƙarewa, ko ɗaya ba mu samu ba. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne sunan marubucin na gaskiya ne, akwai malami mai wannan sunan, mujallar ma akwai ta, amma ita takardar mai wannan taken da wannan shekarar da lambar shafi babu ta a duniya, manhajar ce kawai ta harhaɗa. Yarinyar nan ta zauna tana hawaye, wallahi ta ba ni tausayi, don ba ta yi da niyyar cuta ba, ita a tunaninta na'ura ba ta ƙarya.

Toh ya kamata mutane su san yadda abin nan yake aiki. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, sai Gemini na Google, sai Meta AI da ya shigo mana cikin WhatsApp a 2024 har mai sayar da rake ma yana da shi a waya, asalinsu duka iri ɗaya ne, an ɗura musu rubutu mai ɗimbin yawa sun koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wata. In ka tambaye shi abu bai leƙa intanet ba, daga abin da ya haddace yake ba ka amsa, inda haddar ta yi rauni kuma sau da yawa ba zai yi shiru ba, sai ya cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya, da Turanci mai santsi da za ka rantse farfesa ne ya rubuta. Kuma ba mu kaɗai abin ya taɓa ba, a 2023 wata kotun tarayya a birnin New York na Amurka ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun shigar da takardar da ke kafa hujja da shari'o'in da ba a taɓa yi ba, na'ura ce ta ƙirƙiro musu su. In lauya zai faɗa wannan ramin ina ga yarinya 'yar shekara ashirin da biyu da take fama da kuɗin haya da na handawut.

Yanzu kam an samu ci gaba, ban ƙi ba. Daga ƙarshen 2024 zuwa farkon 2025 kamfanonin nan sun fito da wani sashe na bincike mai zurfi, inda manhajar ke farfasa tambayarka gida-gida, ta shiga intanet ta nemo, ta buɗe shafuka ta karanta, in ta ga giɓi ta sake komawa ta nemo, sai bayan mintuna ta kawo maka rahoto da linki a gefen kowace magana. A lokacin da suka fito, na Gemini yakan nuna maka tsarin da zai bi tukuna ka gyara in kana so, na ChatGPT kuma yakan yi maka 'yan tambayoyi kafin ya fara. Nan ne fa wurin da mutanenmu ke yin sake, suna danna a ci gaba kawai ba su karanta tsarin ba, alhali duk aikin a nan yake. Kamar ka aiki yaro kasuwar Sabon Gari ne ka ce masa je ka sayo min kaya, wane kaya, na nawa, a wane layi, in babu ya dawo ko ya sayo wani, duk ba ka faɗa ba, in ya dawo maka da abin da ba shi kake so ba ai ba shi kaɗai ke da laifi ba.

Mu musulmi bai kamata a koya mana wannan daga waje ba. Malaman hadisi sun gama wannan aikin sama da shekara dubu da suka wuce, ba sa karɓar magana sai sun san wa ya faɗa, shi kuma daga wa ya ji, sun haɗu ko ba su haɗu ba, haddarsa tana da ƙarfi ko yana da mantuwa, wannan jerin masu ruwaya shi ake kira isnadi. Abdullahi bin Mubarak ya ce isnadi yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. A Suratul Hujurat aya ta 6 an umarce mu da mu yi bincike in fasiƙi ya zo mana da labari. Linkin nan da AI ke liƙawa shi ne isnadinsa, kuma isnadin da ba ka buɗe ka duba ba daidai yake da babu, don na sha danna linki in tarar shafin yana nan amma maganar da aka jingina masa ba ta ciki sam, ko kuma tana ciki amma an ce wataƙila shi kuma ya mayar da ita tabbas.

Bari in ba da misalin da na gwada da kaina a kan tarihin garinmu. Na tambayi ɗaya daga cikinsu yaushe Sarauniya Amina ta yi zamani, nan take ya ce 1533 zuwa 1610 ya jero min shafuka da dama. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya sai na ga kusan jimla ɗaya ce ake ta juyawa, wannan ya kwafa daga wancan, wancan ya kwafa daga Wikipedia, mutum goma ne suka ji daga bakin mutum ɗaya, wannan ai ba ya zama shaidu goma. Alhali Tarihin Kano, wanda wani Baturen mulkin mallaka mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci Amina ne a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda aka lissafa sarautarsa daga 1421 zuwa 1438, tazarar sama da shekara ɗari kenan tsakanin ruwayoyin biyu, kuma masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kai. Sai na sake tambayar, wannan karon na ce masa ka fara nemo min tsofaffin majiyoyi na asali, ka raba su da shafukan da suka kwafa, inda aka yi saɓani ka kawo min duka ɓangarorin ka faɗi wa ya ce me, abin da ba ka samu ba ka ce ba ka samu ba. Wallahi amsar da ta fito daban ce, ya kawo saɓanin da kansa har ya ambaci cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi maganarta a rubutunsa. Na'ura ɗaya ce, rana ɗaya, abin da ya canza kawai yadda na tsara masa aikin.

Sai maganar kwanan wata, wadda ita ma take kayar da mutane. Kowace irin manhajar nan akwai lokacin da karatunta ya tsaya, kuma ko ta shiga intanet ɗin tana iya ɗauko tsohon shafi ta ba ka kamar na jiya. Marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris ya yi sarauta daga 1975 har ya rasu a Satumban 2020, aka naɗa Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli a Oktoban wannan shekarar, amma har gobe akwai tsofaffin shafuka da ba a gyara ba. Wannan kowane Bazazzagi zai gane kuskuren nan take, to ina ga abin da ba ka sani ba? Wanda yake lissafin kuɗin noma ko na kasuwanci ya ɗauko farashin taki ko na jigilar kaya na kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka ce tallafin mai ya tafi, ai ya yi lissafi a kan ruwa. Dole ka ce masa ya rubuta maka shekarar kowace majiya a gefenta.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu Hausawa musamman, na yadda ake rubuta suna. Garin nan kaɗai wani ya rubuta Zaria, wani Zariya, wani Zazzau, tsofaffin littattafan matafiya kuma Zegzeg suke cewa. Wani ya sa ƙugiya a ƙ da ɗ wani bai sa ba. In ba ka ce masa ya nema da duk waɗannan ba, da Hausa da Turanci har da Larabci in ta kama, zai tsaya a na Turanci kawai ya dawo ya ce maka iyakar abin da ke akwai kenan.

Amma Malam Edita, abin da ya fi damuna wanda shi ne ma ya sa na ɗauki waya na fara rubutun nan, shi ne ko ka tsara masa aikin yadda ya kamata, AI ba ya iya karanta abin da ba a ɗora ba. Kuma ilimin Zariya mafi yawansa yana cikin kabad ne da kwali da kan tsofaffi. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, shekaru da shekaru na labarin Arewa da Hausa tsantsa. Ga Laburaren Kashim Ibrahim a jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa tun 1962, ga dubban kundayen digiri da aka yi a kan ƙauyukanmu da sana'o'inmu da harshenmu. Ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR nan Samaru wadda tushenta ya koma 1922, ita ta fitar da irin masara na SAMMAZ da wake na SAMPEA da gyaɗa ta SAMNUT da manomanmu ke shukawa, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika, ga gidan adana tarihi na ƙasa da Arewa House a Kaduna, ga rubuce-rubucen ajami a zaurukan malamai na cikin birni da ba a taɓa ɗaukar hotonsu ba. Na san an fara ƙoƙari, akwai kundayen da aka ɗora, Allah ya saka wa masu yi da alheri, amma abin da ya rage ya fi yawa nesa ba kusa ba, wasu ma da aka ɗora hoto ne dishi-dishi wanda injin nema ba ya iya karanta haruffansa. To manomi a Giwa ko Soba in ɗansa ya tambayar masa AI yaushe zai shuka masara kuma wane iri, in bai samu takardar Samaru ba zai ɗauko shawarar da aka rubuta wa manomin Amurka ko Indiya ne ya juya masa da Hausa, ƙasa daban damina daban, mutum ya zuba kuɗinsa da ƙarfinsa a kai. Wannan yana ƙona min rai sosai, a ce amsar tana nan kilomita kaɗan da gonarsa amma wayar da ke hannunsa ba ta san da ita ba.

Shi ya sa nake roƙon shugabannin makarantunmu da gwamnatin jihar Kaduna da masu hannu da shuni na Zazzau su ɗauki maganar sikanin da ɗora takardun nan da muhimmanci, aiki ne da matasanmu masu zaman jiran aiki za su iya in an ba su horo da na'ura da wutar sola. Malamai kuma dan Allah maimakon a ce wa ɗalibai kar su taɓa AI, wanda kowa ya san za su taɓa a ɓoye, a ware ko lakca biyu a nuna musu yadda ake tsara tambaya da yadda ake bin linki har tushe, kuma a riƙa cewa su kawo takardar kamar yadda malamin yarinyar nan ya yi, na ji haushinsa a ranar amma daga baya na ga gata ya yi mata. Ku ma 'yan jarida kuna da naku, duk labarin da kuka buga da Hausa mai kyau da kwanan wata da sunan majiya, shi ne gobe na'urar za ta ɗauko ta ba wa jikokinmu, ku ɗora tsofaffin bugunku ma in da hali.

Ni dai a shagona yanzu na kafa doka, duk wanda ya kawo aiki da jerin manazarta sai mun zaɓi uku mun buɗe tare kafin in danna firintin, ba na karɓar ko sisi a kan wannan. Wasu suna fushi su tafi shagon gaba, wasu su dawo bayan kwana biyu da gyara. Ita yarinyar nan sai da ta yi sati biyu tana zirga-zirgar laburare ta sake babin daga farko, ranar da ta zo bayindin ta taho min da fotokofin kowace takarda da ta ambata a cikin leda.

Na gode da wannan fili, wassalam.

Naku mai karanta jaridarku kullum,
daga Samaru, Zariya.