Wasiƙa zuwa ga ɗana a Melbon

Assalamu alaikum, ɗana. Ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a gida.

Mahaifiyarka ta nuna mini saƙonka. Ka ce ka jingine ƙwallon, tunda wata uku kana zuwa atisaye babu wanda ya taɓa zama kusa da kai a ɗakin sauya kaya, koci kuma ya ce ka cika gajarta. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Tun da ka fara wannan ƙwallo ta 'yan Ostireliya mai siffar ƙwai nake bin tarihinta, kuma akwai mutum ɗaya da nake so ka sani, Doug Nicholls. An haife shi a 1906 a Cummeragunja, bakin kogin Murray, ɗan ƙabilar Yorta Yorta, 'yan asalin Ostireliya. Yana da shekara 8 'yan sanda suka zo suka tafi da yayarsa, don a zamanin hukuma na raba 'ya'yan mutanensa da iyayensu. Bai yi nisa a boko ba, ya shiga aikin ƙarfi a gonakin tumaki. Tsawonsa duka ƙafa 5 da inci 2. Ka fi shi tsawo nesa ba kusa ba.

A 1927 ya je gwaji ƙungiyar Carlton. Masu yi wa 'yan wasa tausa suka ƙi taɓa jikinsa saboda launin fatarsa. Ka tsaya ka auna wannan: kowa a shafa masa mai a murza masa ƙafa, shi yana zaune yana kallo. Bai koma gida ba. Ya tattara kayansa ya tafi ƙungiyar Northcote, suka ci kofi da shi a 1929. Gudu kuwa sai ka ce barewa, har ya lashe tseren kuɗi na Nyah da na Warracknabeal. Da wannan gudun yake tsere wa dogaye a gefen fili.

Inda ya fi taɓa ni shi ne zuwansa ƙungiyar Fitzroy a 1932. Da yake wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, sai ya raɓe a lungu yana sauya kaya shi kaɗai. Haydn Bunton, gwarzon ƙungiyar, ya taso ya zo wurinsa, suka ƙulla abota. Da ya yi zuciya tun a Carlton, da bai riski wannan rana ba. A 1935 aka zaɓe shi ya buga wa jihar Victoria.

Ciwon gwiwa ne ya raba shi da fili. Ya zama fasto mai fafutukar haƙƙin mutanensa, a 1976 kuma aka naɗa shi gwamnan Kudancin Ostireliya. Addininmu daban, amma ina ganin girman mutumin nan ƙwarai.

Ban ce ka koma inda ake wulaƙanta ka ba. Melbon cike take da ƙungiyoyin unguwa, ka nemi wata kafin kakar wasa ta kama, muddin ba za ta ci lokacin karatunka ba. In ka samu wuri, ran da wani baƙo ya shigo yana raɓe-raɓe, ka ɗauki jakarka ka je ka zauna kusa da shi.

Mahaifiyarka ta ce ka riƙa ɗaure gwiwar nan ta hagu. Ka kira mu ranar Juma'a.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka