Wa Zai Yi Rainon Itatuwan da Ake Dasawa a Manyan Makarantunmu?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin shugabannin manyan makarantun Jihar Kaduna game da dashen itatuwa, aikin da nake goyon baya ƙwarai, amma yadda ake gudanar da shi yana damuna.

Duk shekara idan ranar 5 ga Yuni ta zagayo, wato Ranar Muhalli ta Duniya, sai a kafa rumfa a harabar makaranta, a miƙa wa babban baƙo shebur da bokitin ruwa, a ɗauki hotuna, kowa ya watse. Lokacin ya dace, domin damina ta kankama, kuma ita za ta shayar da dashen har zuwa Oktoba. Daga nan ne wahala take farawa, saboda ƙasar Kaduna takan yi kusan wata biyar babu ruwan sama, ga iskar hunturu, ga zafin bazara, ga gara tana cin saiwa, ga awakin unguwa suna shigowa ta inda katanga ta rushe. A wata makaranta da ke kusa da mu, wanda ya bi gefen filin ƙwallo a watan Maris zai tarar da ramuka a jere, kowanne da busasshen tsinke a tsakiya, wasu ma ba a cire musu baƙar ledar da aka raino su a ciki ba, kuma wutar da masu share ciyawa suka cinna ta ƙone sauran.

Abin takaici shi ne ba ilimi muka rasa ba. Muna da Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, muna da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, ga Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Masanan da ke cikinsu sun san cewa itacen turare yana saurin girma amma yana zuƙe ruwan ƙasa, alhali maɗaci da tsamiya da ɗorawa da kaɗanya sun saba da ƙasarmu, kuma idan suka kama, inuwarsu za ta amfani ɗalibai na shekaru masu yawa.

Saboda haka ina ba da shawarar cewa duk kuɗin da za a ware wa dashe a ware irinsa domin raino, a sayi kwandon kariya ko a kewaye kowane dashe da ƙaya, sannan a raba itatuwan ga sassan karatu, ta yadda kowane sashe zai san nasa kuma a tambaye shi a kansu. Batun ruwa ma bai kai yadda ake zato ba: ruwan alwala da ke kwarara daga masallatan makarantu sau biyar a rana yana ƙarewa ne a kwata, alhali da ɗan bututu da lambatu za a iya karkatar da shi zuwa gindin itatuwa, aikin da ɗaliban injiniya za su iya ɗauka a matsayin aikinsu na kammala karatu.

Ina kuma roƙon jaridarka, idan wata makaranta ta sanar da adadin itatuwan da ta dasa, ta tura wakilinta ya koma wurin a ƙarshen rani, ya ƙidaya waɗanda suka rayu, ya buga mana adadin.

Naka,
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna