Barka da Sallah daga barikin horo

Fort Jackson, Karolina ta Kudu, Amurka
Juma'a, 10 ga Zulhajji 1446

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Baba da Inna da dukan mutanen gida. Bayan gaisuwa mai tarin yawa tare da biyayya, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi ibada, ya karɓi layya, ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Ni dai lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi, ba ciwon kai ba na ƙafa.

Kada ku ga shiru ku ɗauka mantuwa ce. Tun ranar da muka shigo aka karɓe wayoyinmu aka kulle, sai wata Lahadin a miƙo wa mutum tasa na ɗan lokaci kaɗan, kafin layin Damagaram ya shiga an ce a maido. Shi ya sa na koma ga biro da takarda. Zan aika wa Kawu ita Greensboro ta gidan waya, shi kuma ya ɗauki hotonta ya turo ta WhatsApp. Na san kafin ta iso an riga an soye nama an zuba a tukunya. Nana, ke za ki karanta wa Inna, ki bi a hankali, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Yau tun da na buɗe ido zuciyata tana gida. Tsakaninmu awa 5 ne, kuna gaba, don haka duk abin da nake yi sai in lissafa inda hantsi ya kai a wajenku. Ina tuna saukowa daga Idi, da algaita da kakaki a ƙofar fadar Sarki cikin Birni, da yadda ake tsire raguna a kan sanduna a jera su kewaye da wuta tun azahar har dare, hayaƙi ya rufe unguwa, washegari kuma yara su yi ta kai rabo gida-gida. Mamman, bana kai ne mai juya sandunan nan a madadina. Ina fata ka kula da ɓangaren iska, kada gefe ɗaya ya ƙone ɗaya bai nuna ba. Kawu ya rubuto mini cewa kuɗin ragon da na bari a hannunsa sun isa gare ku, kuma gwamnati ta hana fitar da dabbobi waje kafin Sallah. Ina fata hakan ya sa an sami mai kyau da sauƙi.

Inna ta tambaya ta bakin Kawu: me nake ci, ina nake kwana, ana dukanmu? Bari in ba ku labarin yini tun daga farkonsa.

Barikin nan gari ne guda, yana gefen birnin Kolumbiya, an kafa shi tun 1917, kuma kusan rabin kuratan sojan ƙasa na Amurka a nan ake horar da su. Horon mako 10 ne. Muna kwana mutum hamsin da 'yan kai a ɗaki ɗaya mai gadaje hawa biyu, kowa da kabad ɗinsa, kuma an tsara yadda za a naɗe riga da safa da inda za a aje takalmi. Tun da asuba ake tashin mu. Cikin ɗan lokaci za ka yi aski, ka gyara gado har ya miƙe ba lanƙwasa, ka fito layi a ƙirga. Daga nan sai motsa jiki da gudu cikin duhu, saje yana ba da waƙa muna amsawa. Sai karin kumallo, sai darasin ranar, ko a aji ko a fili ko a daji, har yamma. Bayan abincin dare a share ɗaki, a goge bindiga, a ba mu ɗan lokacin wanka da wanki da rubuta wasiƙa, ƙarfe 9 a kashe wuta. Cikin dare ma akwai gadi na karɓa-karɓa, awa ɗaya-ɗaya, biyu suna tsaye sauran suna barci.

Ba a dukan kowa, Inna, doka ta hana. Amma akwai tsawa, mai yawa kuwa, musamman makonnin farko. Sajojin horo, maza da mata, da wata hularsu mai faɗin baki, idan ɗayansu ya tsaya a gabanka ba ka motsi sai ya ce. Kuma laifin mutum ɗaya na kowa ne. In wani ya bar kabad a buɗe, dukanmu za mu sha gwale-gwale har hannu ya riƙa rawa. Da farko abin ya yi wa mutane da yawa zafi, har ana harara da ƙananan maganganu. Yanzu sai ka ga kafin a fita layi kowa yana duba na kusa da shi, wannan ya gyara wa wancan wuyan riga, wancan ya tuna wa wannan gorar ruwansa. A ganina abin da suke nema ke nan tun farko, kuma na yarda da hikimarsa.

Ba a barin kurtu ya taka ko'ina shi kaɗai, ko ɗakin shan magani ne sai da abokin tafiya. Nawa wani yaro ne Kirista daga Teksas, iyayensa 'yan Meziko. Shekarunsa 18, bai taɓa kwana nesa da uwarsa ba, makon farko da dare sai in ji yana shessheƙa ƙasa-ƙasa. Na riƙa rarrashinsa da ɗan Turancina, domin ni na riga na sha wannan ɗacin ranar da na baro ku. Shi kuma ya zame mini alheri ta wajen salla, ga yadda abin yake.

Lokacin bazara rana tana daɗewa a nan, sai wajen takwas da rabi take faɗuwa, lisha kuwa ba ta shiga sai an riga an kashe wuta. Alƙibla tana arewa maso gabas. Asuba nakan riga kowa tashi in yi alwala in yi ta a gefen gado. Azahar da la'asar su ne masu wuya, domin sau da yawa muna fili. In an ba da hutun cin abinci sai in nemi izini in koma gefe in haɗa su, in ba ruwa in yi taimama, ƙasar wurin ma rairayi ce. Duk lokacin nan yaron nan yana tsaye kusa da ni, yana riƙe da bindigata da tasa, wani lokaci abincinsa ya huce. Bai taɓa nuna gajiya ba. Akwai ranar da ni na shagala da aiki, shi ya taɓo ni ya nuna mini rana. Ku sa shi cikin addu'a, Allah ya saka masa da alheri.

Sallar bana ta faɗo ranar aiki, don haka yau kaki ne kayan Sallata. Kabbarori na yi ta yin su a zuci muna tafe cikin layi. Safiyar Lahadi ita ce aka keɓe wa kowa don ibada, a nan muke haɗuwa mu Musulmi, akwai ɗan Senigal, akwai ɗan Bangaladash, akwai baƙaƙen fata 'yan asalin nan, har da wani Bahaushen Kumasi da ya taso a Bronx. Ranar da na ji ya ce mini "sannu, ɗan uwa", sai da idona ya kawo ruwa. Jibi in Allah ya kai mu za mu gaisa da juna gaisuwar Sallah.

Abinci akwai shi wadatacce, sai dai ci ake yi ba hira, ba waige. Ina kauce wa duk abin da ya haɗu da alade, in ɗauki ƙwai da kifi da shinkafa da wake da 'ya'yan itace. A daji kuma abincin leda ake rabawa, wanda ake ɗumamawa da wata jaka da ake zuba wa ruwa kaɗan ta yi zafi da kanta, kuma akwai na halal in mutum ya nema. Ko a ɗan ƙarfen da muke ratayawa a wuya, mai ɗauke da suna da nau'in jini, an buga addinina. Kada a wahalar da kai wajen aiko da kilishi ko alkaki. Ba a shigo da nama ƙasar nan ta wannan hanya, kuma ba a yarda kurtu ya aje abinci a ɗaki ba. Kwaɗayin furar Inna dai yana nan, ba abin da ya maye gurbinta.

Zafin nan daban yake da namu. Namu busasshe ne, in ka shiga inuwa ka tsira. Na nan jiƙaƙƙe ne, gumi ba ya bushewa, riga tana manne a jiki tun safe. Suna auna shi suna kafa tuta, in ya kai matuƙa a rage aiki, a tilasta mana shan ruwa, a sa mu tsoma hannuwa har gwiwar hannu cikin ruwan ƙanƙara.

Cikin abubuwan da muka wuce, akwai wata hasumiya mai tsawon kusan mita 12 da ake saukowa daga kanta da igiya. Akwai ɗakin barkonon tsohuwa: a shigar da ku da abin rufe fuska, sannan a ce ku cire. Inna, kamar a watsa barkono a garwashi a rufe ƙofa, ido da hanci da maƙogwaro duk su kama wuta. Ana yin haka ne don mutum ya tabbata abin rufe fuskar nan yana aiki, ya amince da shi ranar da za a buƙace shi. Sai harbi, wanda ya fi cin lokaci. Bindigar ana ce mata M4, kuma kafin a ba ka harsashi sai ka iya kwance ta ka mayar, ka san dokokin riƙonta. Ranar jarrabawa allunan bara 40 ne suke tasowa suna ɓacewa, daga mita 50 har 300. Wanda ya sami 23 ya haye, wanda ya kai 36 shi ne gwani. Na haye, alhamdu lillahi. An kuma koya mana ɗaure jijiya don tsayar da jini da ɗauko wanda ya ji rauni, wannan darasin kuwa na riƙe shi da kyau, domin zai yi amfani ko a kan hanyar Tanut ne. Baffa da ya yi nasa horon a Tondibiya, a karanta masa wannan wurin, na san zai ce nasu ya fi wuya, kuma ina son in ji labarin daga bakinsa.

Baba, yanzu maganata da ku ce. Ranar da na gaya muku na sa hannu, kun yi shiru mai tsawo, kuka ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, kuka miƙa wa Inna waya. Shirun nan yana tare da ni har yau. Na san abin da ake faɗa a fada da bakin kasuwa: a 2024 ƙasarmu ta sallami sojan Amurka, suka tattara suka bar sansaninsu na Agadas, ga shi ɗan gidan wane ya je ya sa kakinsu. Ba na ganin laifin mai faɗar haka, kuma nauyin da kuke ji a idon jama'a ina jin sa.

Ga abin da ya kai ni. Tun da na zo da bizar caca, aikin ɗaukar kaya nake yi a sito, dare da rana, in an cire haya da abin da nake aikowa ba abin da ke saura, karatu kuwa ya gagara. A nan ana biya sau biyu a wata, 1 ga wata da 15, ga wurin kwana, ga magani. Wanda ya yi shekara 3 yana aiki gwamnati tana ɗaukar nauyin karatunsa na jami'a. Soja mai katin zama yana iya neman takardar ɗan ƙasa ba sai ya jira shekara 5 ba. Sannan sana'ar da na zaɓa ita ce wadda kuka koya mini a gareji tun ina miƙo muku sufana: kanikancin mota. In na gama nan, jihar Birjiniya za a kai ni in yi kimanin wata uku ina koyon gyaran manyan motocinsu.

Ba zan ɓoye muku ɗaya gefen ba. Alkawarin shekara 8 ne gaba ɗaya, 4 ina cikin aiki, sauran ina jiran kira in buƙata ta taso. Bakanike ma soja ne, yana riƙe bindiga, kuma ba shi ke zaɓar inda za a tura shi ba. Abin da ba ya hannuna ba zan yi muku alkawarinsa ba. Abin da ke hannuna shi ne sallata, da halin da kuka raine ni a kai, da cewa ba zan zalunci ɗan kowa ba. Kafin in sa hannu na yi istihara, na shawarci malaminmu na masallaci da Kawu. Musulmi sun daɗe cikin rundunar nan, tun 1993 suke da limami mai kaki. Duk da haka hankalina ba zai kwanta ba sai na ji kun sa mini albarka da bakinku. Don Allah ku yi magana a wayar Mamman, ko gajeruwa ce, ya tura wa Kawu ya aje mini. Ranar da aka miƙo mini wayata ita zan fara nema.

Abin da ya rage mana shi ne jifa da gurneti, da rarrafe cikin dare ana harbi ta samanmu, sai babbar rawar daji ta kwana huɗu, tafiyar ƙasa da kaya a baya. Wanda ya gama ta shi ake fara kira soja. Bayan nan sai ranar iyali, washegari Alhamis a yi faretin yaye mu. Kawu ya ce zai tuƙo mota ya zo da iyalinsa, zai ɗauko muku bidiyo.

Nana, ki dage da karatu, kuɗin makarantarki suna wuyana. Mamman, ka riƙa rage wa Baba aikin ƙarƙashin mota saboda bayansa. In albashin watan nan ya shiga zan sa Kawu ya turo na iri da na taki, tun da damina ta kawo kai. A kai wa Iya tsohuwa rabonta na naman da sunana, a gaishe ta, a ce jikanta yana neman addu'a. A gaida Gwaggo da yaranta, da Liman, da maƙwabta gaba da baya, da abokaina na fada kowa da sunansa.

Inna, ki yafe mini, ki ci gaba da addu'ar nan da kika saba. Baba, ina jiran muryarku.

Wassalam.

Ɗanku mai biyayya,
Laminu