Zuwa ga Mamana a Zariya

Assalamu alaikum. Da fatan kin sauka lafiya, kuma an ba ki ɗakin da kike nema. Mu nan kalau, sai ƙafar Innarki da ke motsawa idan sanyi ya shigo.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci, Kawunki ya ja ni gefe. Wai kina rubuta littafi kina sakawa a waya babi-babi, kuma duk wanda ya san gidanmu, yana karantawa zai gane Goggonki ce a ciki. Ban tanka masa ba. Na dawo gida, tuwo ya ƙi shiga.

Na san sunan da za ki kawo mini don kare kanki: marubuciya Rokeya. To ni na ba ki labarinta kina aji biyu na sakandare, kada ki zo ki maimaita mini. An haife ta a 1880 a ƙauyen Pairaband na ƙasar Bengal, zamanin da Turawan Ingila ke mulkin Indiya, a gidan Musulmi masu filaye da kulle mai tsanani. Yayanta ne yake koya mata Turanci cikin dare bayan gida ya yi barci. A 1905 wata mujallar mata ta birnin Madras a Indiya ta buga labarin da ta ƙirƙira na ƙasar da mata ke mulki, maza na kulle. Littafinta Padmarag ya fito a 1924. Wannan duk kin haddace.

Sauran fa? 'Ya'yanta mata biyu sun rasu suna jarirai. Mijinta, wanda ya ƙarfafa mata gwiwar rubutu, ya rasu a 1909. Da kuɗin da ya bar mata ta buɗe makarantar 'yan mata a Bhagalpur da ɗalibai biyar. Ba a daɗe ba rigimar dangin miji ta fitar da ita daga garin, ta kwashe makarantar zuwa Kalkata a 1911, tana bi gida-gida tana roƙon iyaye su ba ta 'ya'yansu, ana binta da baƙar magana. Yau Bangladesh, ƙasar da ƙauyensu yake ciki yanzu, na tunawa da ita kowace 9 ga Disamba, har jami'a aka sa wa sunanta a Rangpur. Ita kuwa ta rasu tun 1932, ba ta ga ko ɗaya ba.

Abin da ke hana ni barci ke nan. Muddin mijinta na raye, ba mai iya taɓa ta. Bayan ya kwanta dama aka nuna mata ƙofa. Ke wa kike da shi? Ni ne. Ni kuma kin ga yadda nake hawa matakalar masallaci yanzu. Idan kin ɓata da dangi a kan littafi, ranar da babu ni wa zai buɗe miki zaure? Wa zai zauna miki a tabarmar ɗaurin aure?

Kuma ki ji tsoron Allah. Abin da ya sami Goggonki ba naki ba ne da za ki baza wa duniya. Kina goye aka yi shi. Kin tambaye ta? Ko kin ɗauka don kin yi boko kin fi ta sanin ciwonta? Lokacin da aka taru a kaina a ce in cire ki daga makaranta, ni kaɗai na tsaya, na yi shekara biyu ba na shiga gidan Yaya. Ban yi haka don a wayi gari ana nuna ƙanwata da baki a kasuwa ba.

Ban ce ki ajiye alƙalami ba, Mamana. Da zan faɗa, da tun ranar da na tsinci littafinki na lissafi cike da tatsuniyoyi na faɗa. Yana nan cikin akwatina har yau.

Ki dakatar da sakawa. Ki turo mini babin da kika riga kika saka, a takarda, idona ba ya jure waya. Idan an yi hutu ki je ki zauna da Goggonki, ki karanta mata da bakinki, abin da ta ce a cire ki cire.

Innarki ta ba direba yaji da kuka, ki tambaye shi a tasha ranar Talata. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki