Kafin su ja ka Long Bar

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya hanya, ya baƙunta? Wato sai a bakin uwargida za mu ji an tura ka kwas Singafo? To, Allah ya sa albarka, amma ka sani akwai tara a kanka. Ta ce abokan kwas ɗinka sun matsa sai kun je Long Bar, mashayar otal ɗin Raffles, daren ƙarshe, kai kuma kana ta noƙewa. Ka je mana, ginin ma kaɗai abin kallo ne. An buɗe otal ɗin a 1887, wasu 'yan uwa Armeniyawa da ake kira Sarkies suka kafa shi, gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1987, aka rufe don gyara, aka sake buɗewa a 2019.

Ka sauka jirgin ƙasa a tashar City Hall ka taka. Kada ka nufi babbar ƙofar Beach Road inda dogarin nan mai rawani yake tsaye, ta ɓangaren shaguna za ka bi ka hau bene. Ba a kama wuri tun da wuri, layi ake bi, kuma da magariba ta gabato layin yakan yi tsawo. Gara ku je bayan azahar.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Abin da kowa ke zuwa sha shi ne Singapore Sling, wanda wani ma'aikacin wurin, Ngiam Tong Boon, ya haɗa wajen 1915. Labarin da otal ɗin ke bayarwa shi ne a zamanin abin kunya ne a ga mace tana shan giya a bainar jama'a, sai ya yi haɗin da ido zai ɗauka ruwan 'ya'yan itace ne. Har yau haka yake yaudara. Ja-ja ne kamar zoɓon da aka tsinka, da yankan abarba a bakin kofi, amma a cikin mililita 120 na ruwan abarba da 15 na lemon tsami akwai giyar jin mililita 30, da giyar ceri 15, da wasu giya biyu, Cointreau da Bénédictine, 7.5 kowanne. Saboda haka ka ce marar barasa kake so, suna yi. Sannan ka ƙara da cewa ban da Angostura, wani ruwa mai ɗaci da ake ɗigawa don ƙamshi. Ɗigo ɗaya ko biyu ake sawa, shi ya sa wasu masu haɗi ba sa lissafa shi, alhali barasar cikinsa ta haura kashi 44 cikin 100. Kuma kofin naka da na sauran kusan kala ɗaya ne, to ka riƙe naka a hannu, kada a yi musaya a tebur ana cikin hira.

Gyaɗa kuwa kyauta ce, a ɗan buhu kan kowane tebur, kuma a ƙasa ake watsar da ɓawon. A ƙasar da jefar da takardar alewa a titi ke jawo tarar dalar Singafo 300! Na san jikan masu dalar gyaɗa ba sai an koya masa ɓara ba, amma ka tuna kai ne wakilinmu, kada ka cika aljihun kaftani. Ka taka a hankali, ɓawon yana da santsi. Ka ɗaga kai kuma ka ga mafitai jere a rufi, inji na kaɗa su.

Af, ɗan autan su Hajiya ya fasa sayar da babur ɗin. Wai yanzu kiwon kaji zai yi, a ɗakin nan na soro. Kai ka san yadda aka ƙare da na tantabaru.

Kuɗi: in ka ga alamar ++ bayan farashi, ana nufin za a ɗora kashi 10 na hidima, sannan harajin kashi 9 a kan jimlar. Abin dala 20 ya zama kusan 24 ke nan. Ku daidaita wanda zai biya tun a layi.

Kayan zaƙi kuma kada ka sa rai a nan. Na otal ɗin a babban zaure ake ci, wajen shayin la'asar, kuma shi sai an kama wuri tun kwanaki kafin nan, da shiga ta mutunci, ban da silifas. In kun samu, ka tambayi abu biyu a kan kowane kek: ko an jiƙa shi da giyar ram, da kuma jelatin ɗin na wace dabba ce. Ni dai da za ka ji tawa, ka miƙe North Bridge Road a ƙafa, tafiyar kamar minti 15, zuwa Masallacin Sultan. Ka yi magariba, ka ci murtabak, wato wainar fulawa mai nama da ƙwai a ciki, a gidan abincin Zam Zam da ke kallon masallacin, sannan ka nemi cendol: niƙaƙƙiyar ƙanƙara, madarar kwakwa, sukarin bishiyar kwakwa, jan wake da wasu korayen silili na garin shinkafa. Ka ce a rage sukari, kuma ka sha nan take, da ya narke ya zama ruwa salam.

Akwai abin da na so in tambaye ka game da filin nan, ya shige mini. Shugaba yana gaishe ka, ya ce turaren da ka yi masa alkawari babbar kwalba ce, ba irin ta bara ba.

Naka,
Amininka